Ƙuri'ar da Kawu Ya Zaro

Layin dogo ne ya raba unguwannin biyu, ta sama da ta ƙasa. Ban da shi babu abin da ya bambanta su. Gidajen iri ɗaya ne, kwatocin iri ɗaya, kuma ciwon da ke kayar da tsofaffin can shi ke kayar da na nan, wato hawan jini. Wannan kamannin ne ya sa masu bincike na jami'a suka haɗa su, kamar yadda suka haɗa sauran unguwannin garin biyu-biyu.

Auta tana cikin masu binciken. Ita ce ƙarama a ɗakin uwarta, shi ya sa sunan ya bi ta har jami'a. Tana rarrafe uwar ta rasu, sai Kawu, ƙanen uwar, ya ɗauko ta ya kai wa matarsa, wadda Auta ta tashi tana kira Inna. Kawu kafinta ne a unguwar ƙasa, kuma shi ne shugaban kwamitin unguwa, ba don ya nema ba, sai don an san in ya ce ƙofa za ta rufu to za ta rufu. A cikin ƙarar zarto da ƙamshin garin katako Auta ta koyi karatu.

Tambayar binciken ba ta da wuyar ganewa. In aka horar da wasu daga cikin 'yan unguwa, aka ba kowannensu jaka da na'urar awon jini, suka riƙa bin gida-gida duk mako suna auna mutane, suna tuna musu magani, suna karɓo musu sabo kafin na hannu ya ƙare, shin shanyewar jiki da mutuwar farat ɗaya za su ragu? Kowa yana zaton za su ragu. Amma hukuma ba ta ɗaukar ma'aikata a kan zato, sai an gwada an nuna mata. Hanyar gwajin kuwa ita ce, a cikin kowace biyu, unguwa ɗaya ta samu masu jaka yanzu, ɗayar ta jira har a gama, sannan a kwatanta. Unguwar da ta jira ba a ƙwace mata komai ba. Asibiti yana nan kamar da. Kuma an yi alkawari in aikin ya yi kyau, ita za a fara kai wa.

Don kada a ce an yi son kai, ƙuri'a aka yi. An taru a ɗakin taron makarantar firamare, a kan bencinan da Kawu ya buga da hannunsa. Farfesa, shugaban binciken, ya naɗe takardu biyu ya jefa cikin kwano, ya ce abin da mutum ya zaro shi ne rabon unguwarsa. Dattawan unguwannin biyu suka tsaya suna tura wa juna girma.

"Bismilla, ku fara."

"A'a, ku ne manya."

Sai Mai Aski, abokin Kawu tun suna yara, ya ɗaga murya daga baya. "Ku bar Kafinta ya zaro mana! Hannun nan bai taɓa kuskuren awo ba. Sai dai kuskuren biyan aski."

Aka yi dariya. Kawu ya goge hannu a rigarsa, ya sa cikin kwanon, ya zaro. Ya laluba aljihu, ashe ya bar tabarau a shago. Sai ya miƙa wa Auta.

"Karanta mana, uwata."

Ta warware takardar. Kalma ɗaya ce a ciki, kuma da rubutunta, don ita ta rubuta takardun biyu da safen nan.

"Jira," ta ce.

Mutanen unguwar sama suka danne murnarsu saboda kunya. Na unguwar ƙasa suka zuba wa Kawu ido. Kawu ya juya ya fuskanci mutanensa, ya ɗaga hannun sama kamar wanda zai nuna ciwo.

"Ga hannun da ya zaro, ba na wani ba ne. Tun da haka Allah ya nufa, za mu jira, kuma tare za mu jira. Babu wanda zai riga wani. Ranar da aka kawo mana, ni ne na ƙarshe da za a auna."

Aka tafa masa. Auta ma ta tafa. A lokacin ji take ba ta taɓa alfahari da shi kamar ranar ba.

Da farko abin wasa ne. Unguwa ta laƙaba masa Mai Hannun Jira. In ruwan famfo ya makara, sai a ce Kafinta ne ya zaro. In amarya ta daɗe ba ta fito ba, a ce a tambayi Kafinta. Mai Aski kuwa in Kawu ya zauna a kujerarsa sai ya ɗauki almakashi ya ajiye, ya ce, "Ɗan jira tukuna." Kawu yakan yi dariya ya ce, "Sarkin surutu, bakinka ne zai ƙarasa ka."

Duk safiya ana hango masu jaka a tsallaken dogo, da jakunkunansu shuɗɗa, suna sallama ƙofa-ƙofa. Matan unguwar ƙasa da ke shanya a bakin layi sukan tsaya su bi su da ido, sannan su koma kan wankinsu.

Sai matar Direba ta faɗi. Tana shara a tsakar gida, tsintsiya ta suɓuce mata, ɓarin jikinta ya tafi. Direba maƙwabcin Kawu ne, mutum mara hayaniya, mai tuƙa motar haya daga safe zuwa yamma. Aka kwantar da ita a asibiti, aka dawo da ita ba ta iya tsayuwa. Daga nan sunan Mai Hannun Jira ya daina ba da dariya. Ba a daina faɗa ba, sai dai an rage murya.

Auta tana zuwa gida ƙarshen mako, kuma idonta idon mai bincike ne. Ta ga Kawu yana yawan dafe ƙeya. Ta ga ya kai wa ƙusa guduma ya sami katako, abin da ba ta taɓa gani ba. Ta san tun farkon aikin, da aka auna kowa da kowa a unguwannin biyu, jininsa ya hau sosai, aka tura shi asibiti kamar yadda aka tura duk mai irin lambarsa. Ya je, an ba shi magani, ya sha har kai ya daina sarawa, daga nan ya bari.

"Ina maganinka, Kawu?"

"Ya ƙare, ciwon ma ya ƙare. Sun tafi tare."

"Wannan ciwon ba ya ƙarewa. Kwanciya yake yi."

"To a bar shi ya yi barcinsa, kada ki tashe shi."

Inna ta ɗago daga ɗinkin da take yi. "Kin ji ko? Haka nake fama. Jiya da na ce ya koma asibiti, cewa ya yi ƙofar mutane na jiransa."

Wannan shi ne ainihin ramin da aka ƙirƙiro masu jaka don su cike, Auta ta fi kowa sani. Mutum ba ƙin lafiyarsa yake yi ba, mantawa yake yi, sai an samu mai naci a ƙofarsa. Washegari ta shiga ofishin Farfesa ta faɗa masa komai, tana shirin jin an ce ƙa'ida ta hana.

Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta. "Kawunki ne tun kafin ya zama ɗan unguwar jira. Babu binciken da zai hana 'ya duba ubanta. Amma ban da jakar aiki, ban da motar aiki, kuma za mu rubuta cewa haka ta faru. Gida ɗaya ba zai ɓata mana lissafi ba. Unguwa guda za ta ɓata. Kin gane bambancin?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

Ta sayi na'urarta ta kanta, ta sa a jakar hannu. Kawu ya yi gardama, ya ce ya yi wa mutane magana. Ta ce wannan ba na jami'a ba ne, na 'yarsa ne, kuma ko ruwan sha 'ya ta kai wa ubanta ba a cewa ta yi wa unguwa rowa. Sai ya ce to, amma a bayan shago, inda ake jingine katako.

Haka suka riƙa yi. Ta zo da kwanon abinci daga wurin Inna, su zagaya baya, ya zauna a kan guntun gungume, ya naɗe hannun riga. Ta ɗaura masa ɗamarar awo a damtse, na'urar ta hau gurnani tana matsewa.

"Wannan abin naki ya fi ɗan sanda riƙo."

"Yi shiru, Kawu, magana na ɓata awo."

"Ashe shi ya sa ba za a taɓa iya auna Mai Aski ba."

Ta karɓo masa magani, ta raba masa na kowace rana a gwangwanin ƙananan ƙusoshi da ta wanke, don ta san nan ne wurin da hannunsa ba ya kuskure zuwa. Lambar ta fara sauka kaɗan-kaɗan. Ya daina dafe ƙeya. Inna ta ce har munsharinsa ya yi sauƙi. Watannin nan Auta ta fi son su a kan duk lokacin da ta yi a jami'a.

Direba ya sa Kawu ya yi masa kujera mai hannuwa da majingina mai tsawo, wadda za a riƙa zaunar da matarsa a tsakar gida ta sha iska. Kawu ya ba ta lokaci fiye da kowane aiki, ya goge ta har babu inda za ta karci fata. Ranar karɓa, Direba ya biyo ta shagon aski ya ɗauko Mai Aski don ya kama masa. Suka yi sallama a gaba ba a amsa ba. Suka ji gurnani a baya, suka zagaya.

Kawu yana kan gungume, ɗamara a damtse, Auta a durƙushe gabansa.

Mai Aski bakinsa ya riga hankalinsa, kamar kullum. "A'a! Ashe jiran iri biyu ne, akwai na tsaye akwai na zaune!"

Shi kaɗai ya yi dariya, ita ma ba ta yi nisa ba. Direba bai dubi Auta ba, bai dubi na'urar ba. Kawu kawai yake kallo.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Da kuɗina na saya," in ji Auta da sauri, "ba ta aikin ba ce. Zauna ma in auna ka yanzu."

"Ni lafiyata ƙalau, 'yar nan. Wadda ke buƙata ta riga ta kwanta." Ya sake duban Kawu. "Ba laifi ka yi ba, Kafinta. Kowa da mai duba shi. Kawai dai ranar ƙuri'a cewa ka yi tare, ni kuma na tafa."

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya koma gaba ya ɗora kujerar a kansa shi kaɗai, ya tafi. Na'urar tana nan tana matsewa. Kawu ya sa hannu ya ɓalle ɗamarar kafin ta gama, ya naɗe ta a hankali, ya miƙa wa Auta.

Da yamma a tsakar gida aka yi maganar. Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, Auta a tsaye, Kawu a kan tabarma yana kallon ƙasa.

"Kawu, don ka ƙi awo matar Direba ba za ta tashi ba."

"Na sani."

"To me ka ƙara wa wani?"

"Ban ƙara ba. Na dai daina ragewa." Ya ɗago. "Uwata, ni ba ni da gona, ba ni da mota. Abin da na tara a unguwar nan shi ne in na faɗi magana a zauna a kanta. Yau an zauna ta karye."

"To bari in auna kowa! In bi gida-gida da kaina, ranar hutuna, wa zai hana ni?"

"Ke za ki hana kanki. Ba ke kika zaunar da ni kika koya mini ba? Kika ce in aka cakuɗa unguwar jira da ta sama, an ɓata gwajin, hukuma ba za ta gamsu ba, kowa ya tashi a tutar babu. Kafinta ba ya auna ƙofa da igiyar da ke miƙewa. In kika yi haka, matar Direba ta jira a banza ke nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma da kalmominta ya faɗa. Ta ce to ya koma wurinta da zama, akwai ɗaki. Ya ce mai zaro jira ba ya tsallake dogo ya bar mutane. Ta ce ya zo ofishinta duk mako, babu mai gani. Ya ce awon bayan shago ma babu mai gani suka ce.

Inna ta sa baki. "Malam, da maganar mutane da ranka, wanne za ka bar mini in ka tafi?"

"Wa ya ce zan tafi? Asibiti zan riƙa zuwa kamar kowa. Abin da Direba ke samu shi zan samu."

Ya kuwa cika, iya cikawar mai shago. Maganin da ke gwangwani ya shanye shi. Da ya ƙare ya tafi asibiti da sassafe, ya tarar da layi har bakin ƙofa, ya zauna har rana ta take, aka ce likita ya shiga tiyata. Ya dawo. Wani zuwan ya ga likita, aka ce maganin ya yanke sai wani mako. Wani makon kuma akwai tagogin makaranta da ya yi alkawari. Auta ta kawo magani ta ba Inna a ɓoye. Ya gan shi, ya gane ba takardar asibiti ba ce, ya ajiye a kan taga bai taɓa ba. Bai yi faɗa ba. Ranar ma da kansa ya raka Auta bakin titi, yana ba ta labarin yadda ta taɓa haɗiye ƙaramar ƙusa tana yarinya aka kwana biyu ana gadin fon kashinta, ana jiran ƙusar ta fito.

Mai Aski ya zo shago ba sau ɗaya ba. Wasan ya fita daga bakinsa.

"Kafinta, don Allah ka yafe mini, ka bari yarinyar nan ta duba ka. Na zagaya unguwa, kowa ya ce ya yafe. Direba ma cewa ya yi shi bai ce ka bari ba."

"Ba ku kuka ɗaure ni ba, sarkin surutu, bakina ne. Riƙe mini nan in buga."

Auta ta koma wurin Farfesa ta roƙi a tsayar da binciken a kai wa kowa masu jaka. Ai ana gani da ido, unguwar sama ta fi lafiya. Farfesa ya ce ba shi ke da wuƙa da nama ba. Akwai kwamiti na daban, mutanen da ba su da hannu a aikin, su ne ke duba lambobin lokaci-lokaci, kuma in bambancin ya fito fili su da kansu za su ce a tsaya. Ya rubuta musu. Amsa ta zo a taƙaice: akwai alama, amma bambancin bai fito fili ba tukuna, a ci gaba.

Ta karanta ta koma teburinta ta zauna. Ita malamar lissafin ce, babu wanda zai fassara mata. Bai fito fili ba yana nufin waɗanda suka faɗi a unguwannin jira ba su kai yawan da za a rantse a kansu ba. Ta dubi abokan aikinta, mutanen kirki, kowa ya duƙufa a kan kwamfuta, wani na shan shayi. Babu mugu ko ɗaya a ɗakin. Ta tashi ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Damina ta zo ta wuce. Wata safiya da hantsi, Kawu yana yankan katako, zarto ya tsaya a tsakiyar yanka. Mai Aski ne ya hango daga shagonsa, ya ga abokinsa ya jingina da teburin aiki yana zamewa a hankali. Ya bar mutum da rabin aski ya ruga. Motar Direba ce ta kai shi asibiti, Direba yana tuƙi yana cewa, "Riƙe shi da kyau, riƙe masa kai."

Da Auta ta iso, an kwantar da shi, bakinsa ya karkace, magana ta tafi. Wata ma'aikaciya ta zo ta ɗaura masa ɗamarar awo a damtse. Ya bi ɗamarar da ido, sannan ya dubi Auta, gefen fuskarsa mai motsi ya ɗan yi wani abu. Ba ta san ko murmushi ne ba. Ta riƙe ɗaya hannun, mai kaushi, da tabon guduma a babban yatsa, ta yi ta yi masa hira, ta shago, ta Inna, ta tagogin da ba a gama ba. Ya yi 'yan kwanaki a haka. Wata rana da la'asar, Inna tana shafa masa ruwa a goshi, ya cika.

Aikin bai tsaya ba. Akwai ma'aikacin da ke tattara labarin duk wanda ya faɗi ko ya rasu a unguwannin, ya shigar ba suna, sai lamba. Auta ta roƙi kada a ba ta na unguwar ƙasa, aka amince. Amma ranar da aka gama, aka haɗa komai, babu inda za ta ɓuya. Zane ne mai layi biyu. Layin unguwannin masu jaka yana gangarowa a hankali. Na unguwannin jira yana sauka kamar matakala, kowane taki mutum guda. Ta bi shi da yatsa har ta kai bayan damina, ta tsaya.

Bambancin ya fito fili yanzu. A babban ɗakin taro na jami'a, a gaban mutanen hukuma, Farfesa ya ce in tana so shi zai yi bayanin. Ta ce a'a. Ta tashi ta yi shi tsaf, muryarta ba ta karye ba. Aka tafa, aka daɗe ana tafawa. Wani babban jami'i ya ce aiki ya yi kyau, za a ɗauki masu jaka a duk garin, kuma za a fara da unguwannin da suka jira.

Amma kafin ranar taron, Auta ta yi wani abu ita kaɗai a ofis. Ta cire lambar Kawu daga lissafin ta sake bugawa, don ta ga me zai fito. Ta daɗe tana kallon amsar, sannan ta mayar da shi inda yake.

Da masu jaka suka fara aiki a unguwar ƙasa, ta je gida. Ta wuce shagon, a kulle, garin katako ya daskare a bakin ƙofa. Mai Aski ya tare ta, ya rame, ya kama hannunta da hannu biyu.

"Kin gani ko, 'yata? Sun zo. Kafinta ne ya kawo mana su. An ce da lissafin bai cika ba, faɗuwarsa ce ta cika shi. Ni dai haka nake gaya wa duk wanda ya zauna a kujerata. Bai tafi a banza ba, ko? Ai ke kika sani."

Ta ce Allah ya ji ƙansa. Ya ce amin, ya sake ta.

Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ta yi mata sannu da zuwa, ta tambayi aiki, ta tambayi Farfesa. Auta ta zauna daga gefe. A maƙwabta ana jin sallamar wata mai jaka, da muryar Direba yana cewa a shigo.

"An ce aikinki ya yi kyau," in ji Inna.

"Haka aka ce."

"Yana ciki?"

"Yana ciki, Inna."

Inna ta ture wani ɗan tsakuwa gefen faranti. "Ina so in tambaye ki, kuma ni na rene ki, na san fuskarki in za ki yi ƙarya, don haka kada ki wahalar da kanki. Abin da Mai Aski ke faɗa. Da bai faɗi ba, da ba za a kawo su ba?"

Auta ta so ta ce e. Kalmar tana bakinta, ƙarama, mara nauyi, kuma babu wanda za ta cuta. Ta dubi matar da ta goya ta.

"Da za a kawo, Inna. Na cire shi na sake lissafawa. Ko babu shi ya fito."

Hannun Inna ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta yi kuka ba. Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani.

"Da ya bari kin ci gaba da duba shi, babu abin da zai ɓaci ke nan."

"Babu."

"To." Ta ja numfashi mai tsawo. "To, shi ke nan. Ni na tambaya, an kuma ba ni." Sai ta rage murya, ko da yake babu kowa a gidan sai su biyu. "Amma kada ki gaya wa Mai Aski. Bawan Allahn nan da wannan maganar yake samun barci. Direba ma. Ki bar musu."

"Ke fa, Inna?"

"Ni ina da ke. Matso ki taya ni, idona ba ya ganin tsakuwar nan sosai."

Auta ta matso. Suka sa hannu a faranti ɗaya.